Marina Sun Kai Kuka Fada

A watan Mayu na shekarar 2015, ɗaruruwan masu sana'ar rini a Kano suka bar wuraren aikinsu, suka ɗunguma zuwa fadar Sarki a cikin birni domin su kai kuka. Abin da ya fito da su shi ne yadin ƙasar Sin. Suka ce 'yan kasuwa Sinawa suna shigo da yadi rinanne tun daga can, an kwaikwayi launi da zane irin na marinan Kano, ana kuwa sayar da shi da arhar da marini ba zai iya sayar da nasa haka ba ya ci abinci. Suka roƙi Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya sa baki kafin sana'ar ta mutu a hannunsu.

Wannan ba shi ne karo na fari ba. Shekara uku kafin haka, a watan Mayu na 2012, jami'an shige da fice sun shiga kasuwar Kantin Kwari sun kama Sinawa 45, a kan cewa takardun zamansu ba su ba su izinin zama a kasuwa suna cinikin yadi ba. 'Yan kasuwar sun daɗe suna ƙorafi kafin a yi kamen nan.

Mun sani mafi yawan masu karatunmu ba marina ba ne, ba su kuma da rumfa a Kwari. Amma kowane magidanci a cikinmu, wata rana za a kawo masa takarda, ko a ƙofar gida, ko a kasuwa, ko ta wayar hannu, a ce masa, "Malam, sa hannu a nan, baƙi sun dame mu." Da yawa daga cikinmu kuma, a garuruwan da muke zaune, mu ne baƙin da ake rubuta takardar a kansu. Saboda haka ya kamata mu zauna mu dubi labarin Kano da kyau, gama da wuya a sami garin da ya fi ta sanin baƙo, ya kuma fi ta sanin takardar koke.

Kukan marina gaskiya ne

Kada wani ya yi tsammani za mu ce marina sun yi laifi da suka tafi fada. Kai kuka wurin shugaba tsohuwar al'ada ce mai kyau. Talaka yakan faɗa wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa na gaba da shi, har magana ta isa gaban Sarki. Mutanen da suka ɗauki damuwarsu suka kai fada da rana tsaka sun fi waɗanda suka ɗauki ashana da dare nesa ba kusa ba.

Abin da suke tsoron rasawa kuma ba ƙarami ba ne. Wanda ya taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata ya ga ramukan rini da ake cewa tun 1498 ake aiki a cikinsu. Ana haɗa baba da toka da ruwa a rami, a bar su kwanaki har su nuna, sa'an nan marini ya zauna a bakin ramin yana tsoma yadi yana ɗagawa domin ya sha iska, gama iskar ce take fito da shuɗin. Mata a cikin gidaje su ne suke ɗaurin zanen kafin a kawo rini. In an gama sai a kai mabuga, su yi ta dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli. Watau turmi ɗaya yana ciyar da gida uku ko huɗu kafin ya isa hannun dillali. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Mafi yawan marinan yanzu da ruwan rini na kanti suke rina shadda a cikin unguwanni, amma jikokin sana'ar nan ne, abincinsu kuma daga gare ta yake.

To, wa ya kashe kasuwarsu? A nan ne magana take da rassa. Masaƙun zamani da suka cika Kaduna da unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Chalawa, sun fara durƙushewa tun kafin a ga Basine ɗaya zaune a Kwari. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya. Masaƙar Kaduna ta fari, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya da aiki a 2002. Babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Ga wani abin mamaki kuwa: UNTL ɗin nan da dubban iyalai suka ci abinci a cikinta, wani Basine ne daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa ta a 1964. Ashe Sinawa sun taɓa zama masu ba mu aiki kafin su zama masu ƙwace mana shi.

Sa'an nan yadin nan ba da ƙafarsa yake zuwa ba. An daɗe ana sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a bi da shi ta ƙasar Nijar, a tsallako da shi ta wajen Maraɗi da Jibiya. Akwai mai mota, akwai mai ɗaga shinge a hanya, akwai mai rumbun ajiya da ya ba da haya, akwai kuma attajiran gida da suka fara zuwa ƙasar Sin da samfurin atamfa a jaka suna cewa a buga musu irinta mai arha. Su ne suka nuna hanya, daga baya masu masaƙun can suka ga ba su bukatar ɗan tsakiya, suka biyo kayansu da kansu. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu saye ma muna ciki, domin uwar gida mai 'ya'ya biyar, in Kirsimati ko Salla ta gabato, mai arha za ta ɗauka, ba kuwa wanda zai ga laifinta.

Takardar da ta ce a hana fasa-ƙwauri, a sa kowane baƙo ya tsaya a kan abin da izininsa ya ba shi, takarda ce mai ma'ana, hukuma tana iya aiki da ita. A watan da marina suka fita ma, kwastan sun rufe rumbunan ajiyar yadi da dama a Kano. Amma a bakin kasuwa magana ba ta tsayawa inda takarda ta tsaya. Kafin a jima sai ka ji an bar zancen yadi an koma zancen mutane: ai su duk haka suke, ai ba su da amana, ai a kore su gaba ɗaya. Ɗan ratar nan da ke tsakanin "wane ya karya doka" da "mutanen nan miyagu ne" shi ne wurin da Kano ta sha yin tuntuɓe.

Sunayen unguwanni

Wanda yake so ya san ko su wane ne Kanawa, sai ya shiga birni ya saurari sunayen unguwanni. Akwai Zangon Barebari. Akwai Tudun Nufawa. Akwai Agadasawa, mutanen Agadas ke nan. Akwai Dandalin Turawa, Turawan nan kuwa Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, gama su ake kira Turawa kafin zuwan na Ingila. Akwai Ayagi, inda Yarabawa 'yan kasuwa suka zauna tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. Madabo da Zaitawa suna tuna mana da Wangarawa, waɗanda tarihin Kano ya nuna sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Sharifai kuwa tana da alaƙa da zuwan Shehu Magili daga Arewacin Afirka a zamanin Muhammadu Rumfa, Sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Ko attajirin da ya fi kowa suna a Kano ta ƙarnin da ya wuce, Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne, Agalawa kuwa asalinsu daga arewa ne, wajen ƙasar Azbin. An haife shi a Bebeji, ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda shi kansa ya yi zaman baƙunta, kafin ya dawo ya shahara da cinikin gyaɗa. Ya rasu a 1955. Yau wa zai tashi ya ce zuriyarsa ba Kanawa ba ne?

Yadda birnin ya iya haɗiye waɗannan duka ba asiri ba ne. Baƙo ba ya shigowa ya ɓace a cikin taro. Yakan sauka a hannun fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Mai unguwa ya san da zamansa. In baƙo ya ci amana an san ƙofar da za a buga, an san sunan da za a kira. Ba a bukatar a zargi dukan Nufawa saboda bashin Banufe ɗaya.

Amma kada mu shafa wa tarihi zuma fiye da kima. Ƙofar nan a buɗe take ga wanda ya zo da addinin birni, ya koyi harshensa, ya sa rigarsa, ya yi aure a cikinsa. Yarabawan Ayagi Musulmi ne. Maguzawa kuwa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar, a ƙauyuka suka tsaya. Tumbin giwa yana da faɗi, amma yana da abin da yake karɓa.

Ganuwa ta biyu

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya kawo akawuna da maƙera da direbobi da 'yan kasuwa daga kudu, da Saliyo, da Gana. Turawa ba su so mutanen nan su cuɗu da mutanen birni, domin sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, domin kuma mulki ya fi musu sauƙi in kowa yana gefensa. Sai suka yanka fili a waje a 1913, aka kira shi Sabon Gari. Shekaru da yawa ba ya ma ƙarƙashin Sarki, sai a 1940 aka mai da shi hannun En'e. Kwara suka sami nasu wuri a gefen Fagge, wajen da kasuwar Kwari take yanzu.

Ganuwar birni ta ƙasa ce, ruwan sama da masu gini sun cinye mafi yawanta. Wadda Turawa suka gina da takarda ta fi ta ƙarfi. Yaro yana iya girma a Sabon Gari, ya yi makaranta, ya yi aure, bai taɓa cin tuwo a wani gida a cikin birni ba, haka kuma ɗan birni. Suna haɗuwa a kasuwa, su rabu da magariba. Wanda ba ka taɓa zuwa sunan ɗansa ko jana'izar uwarsa ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa sai ka yarda.

An ga sakamakon haka a 1953. A watan Maris na shekarar, Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisa a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ba su yarda da sa rana ba, taron jama'a suka yi musu ihu a titi. Da aka ji Akintola zai jawo tawagar jam'iyyarsa zuwa Kano, sai gari ya ɗau zafi. Daga 16 zuwa 19 ga Mayu aka yi ta faɗa tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari. Bisa ga lissafin gwamnati mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Abin lura shi ne, jam'iyyar da ake fushi da ita ta Yarabawa ce galibi, amma faɗan ya fi auka wa Ibo. Fushin da aka yi wa "mutanen kudu" a dunƙule bai tsaya tambayar wa ya yi ihu a Ikko ba. Abin da ya biyo baya a 1966 ya fi wannan muni ƙwarai, iyayenmu da suka gani ba su cika son ba da labarinsa ba.

Maƙwabtan 'Yan Awaki

Akwai wani koke da ya kamata a ce an saurara da wuri. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, mutumin arewacin Kamaru ne. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya sake dawowa, ya kafa zango a unguwar 'Yan Awaki. Maƙwabtansa, Musulmi talakawa, sun yi ta kai ƙara cewa mutanensa suna ƙwace filaye da gidaje, suna gini ba izini, suna tare hanya, suna tsorata masu wucewa. Kukan nan yana da suna, yana da wuri, yana da abin da kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa. Aka yi ta jan ƙafa. Sai a ranar 26 ga Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar wa'adin mako biyu. A ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke, bai ƙare ba sai da soja suka shigo kusan ƙarshen wata. Lissafin hukuma ya ce mutum 4,177 suka hallaka.

Da ƙura ta lafa, sai magana ta juya. Tun da shugaban ɗan Kamaru ne, aka kuma sami 'yan Nijar da 'yan Cadi a cikin mabiyansa, sai aka ce ai baƙi ne suka jawo mana. Gaskiyar kuwa ita ce mafi yawan waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne, samari 'yan ci-rani daga ƙauyukanmu waɗanda birni bai ba su kome ba. Wannan magana tana da ɗaci, domin tana nuna mu. Zancen baƙi ya fi daɗin faɗa.

'Yan siyasa kuwa sun riga sun gane amfanin kalmar. A watan Janairu na wannan shekara ta 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP mai hamayya da gwamnatin tarayya, aka kai shi iyakar Cadi aka ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Nijeriya ne, aka dawo da shi. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Mai ga-ruwa ba shi da ko ɗaya.

Ranar 17 ga Janairu 1983, kuɗin man fetur ya faɗi, zaɓe yana tafe, sai Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar, Cadi, Togo, Binin da Kamaru. A cikinsu akwai teloli, da masu gyaran takalma, da magina, da masu gadi, da malaman makaranta. Jakar nan mai zane-zane da muke zuba kaya a ciki har yau, daga tafiyar nan ta sami sunanta. Bayan sun tafi aiki bai samu ba, farashi bai sauka ba, rikicin mabiyan Maitatsine ma ya sake tashi a Yola a 1984 da Gombe a 1985. Gwamnatin da ta yi korar kuwa ba ta ga ƙarshen shekarar ba, soja suka ture ta ranar 31 ga Disamba.

Namu a gidan wasu

Abin da ya sa labarin 1983 ya fi ba da kunya shi ne, an riga an yi mana irinsa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. 'Yan kasuwar ƙasar sun daɗe suna kuka cewa baƙi sun mamaye ciniki. Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa na zangon Kumasi da Akra suka sayar da abin da za su iya da arha, suka hau manyan motoci. Waɗansunsu a can aka haifi iyayensu, ba su san kowa ba a garuruwan da aka ce nasu ne.

Zancen bai mutu ba. A 2019 da 2020 ƙungiyar 'yan kasuwar Gana ta yi ta sa kwaɗo a shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra, tana cewa dokar ƙasar ta keɓe ƙaramin ciniki ga 'yan ƙasa. In ka cire sunayen, maganarsu da ta Kwari ɗaya ce. A watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, har waɗansu suka kwana a titi, a kan zargin su ne masu yaɗa cutar. 'Yan Nijeriya suna da yawa a cikinsu. Ranmu ya ɓaci, ya kuwa kamata ya ɓaci, domin an hukunta mutane saboda launin fatarsu ba tare da an dubi ko wane ne ba shi da lafiya ba. Sai dai mai jin zafin wannan ya kamata ya ji nauyin bakinsa in zai yi wa Basinen Kwari kuɗin goro.

A cikin gida ma mun gani. Ranar 6 ga Yuni 2017 waɗansu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo mazauna Arewa wa'adin 1 ga Oktoba su tashi, wai martani ne ga masu neman ɓallewa a kudu maso gabas. An janye wa'adin a watan Agusta. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya ga dama, saboda haka takardar ba ta da ƙafa a gaban doka. Duk da haka iyalai a Sabon Gari sun yi wata biyu da rabi suna barci da ido ɗaya, saboda abin da wani ya faɗa a Umuahiya wanda ba su taɓa gani ba.

In takarda ta zo ƙofar gida

Mu da muke koyarwa mun san inda abin yake farawa. Yaro ɗan aji biyu bai san dokar shige da fice ba, amma ya iya cewa "Inyamuri", ya iya cewa "ƙabila", ya kuwa san irin muryar da ake faɗarsu da ita. An ce kalmar Inyamuri daga maganar Ibo ta roƙon ruwan sha ta fito. Dubi yadda ƙishin mutum ya zama sunan zagi! A kudu kuma an ɗauki "aboki", kalma mai daɗi, an mai da ita ta reni ga ɗan Arewa. Ba a makaranta yara suke koyon waɗannan ba. A bakin murhu suke ji, da lokacin da baba yake hira da abokansa a ƙofar gida yana tsammani ba mai saurare. Kada kuma mu ce wannan halin waɗansu ne. A gidajenmu na masu bi ma ana faɗar maganganu a kan Hausawan birni da Fulani waɗanda in an faɗa a kanmu za mu ce an tsane mu.

Saboda haka in an kawo takarda, kada kunyar maƙwabci ta sa mu dangwala yatsa kafin mu karanta, in kuwa ba mu iya karatun harshen da aka rubuta ta ba, a kira yaro ya karanta mana ita duka har ƙasa. Mu duba ko ta faɗi abin da aka yi, da wurin, da wanda ya yi, kamar yadda maƙwabtan 'Yan Awaki suka faɗa, ko kuwa sunan ƙabila kaɗai ta kama. Mu tambayi wanda ya kawo ta wa ya rubuta, wa ya biya kuɗin bugawa, ina za a kai ta. Sau da yawa in takarda ta fito gab da zaɓe, ko gab da rabon rumfuna a kasuwa, akwai mai jiran cin moriyarta wanda sunansa ba ya ciki. In kukan na gaskiya ne, ba laifi a ce, "Zan sa hannu in an cire layin nan." Mun ga inda magidanci ɗaya ya faɗi haka, waɗansu uku suka sami ƙarfin bin bayansa.

Fadar Kano dai ta bi da zancen Sinawa ta tsohuwar hanyarta. Bayan fitar marina, Sarki Sanusi ya karɓi jakadan Sin a fada, ya nemi su zo su kafa masana'antu a nan maimakon su tsaya ga kawo kaya. A watan Afrilu na 2019 kuma ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine mazaunin Kano, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan Chaina, aka naɗa masa rawani kamar kowane basarake. Waɗansu sun yi dariya, waɗansu sun yi gunaguni. Amma dabarar ita ce ta fatoma da mai unguwa: a sami mutum mai suna wanda za a kira in ɗaya daga cikin mutanensa ya yi ba daidai ba, wanda shi ma zai kawo kukansu in an cuce su.

Rawanin bai buɗe masaƙa ko ɗaya ba. A Ƙofar Mata ramuka da yawa ba a aiki da su, matasa kaɗan ne suke son gadon sana'ar, masu saye kuma galibi masu yawon buɗe ido ne da masu neman tsaraba. Wutar lantarki da auduga da iyakar Jibiya, waɗanda su ne rabin kukan marina na 2015, suna nan suna jiran wanda zai rubuta takarda a kansu.